Ka Riga Kamfani Karanta Tarihinka

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na asuba wayata ta yi ƙara, a tsakiyar sanyin Janairu. Wani ƙanena ne ɗan Damagaram, ba ƙanin jini ba, masallacin Juma'a ne ya haɗa mu a nan Columbus ta jihar Ohio a Amurka. Daga jin muryarsa na san ba lafiya.

"Yaya, sun sallame ni."

"Sallama kuma? Kai da ka tafi ranar Lahadi?"

"Ina tashar bas yanzu haka. Kuɗin tikitin ma bai cika ba."

Kwana uku ke nan da wani babban kamfanin tireloli ya ɗauke shi zuwa hedikwatarsa, don 'yan kwanakin nan na sanin makamar aiki da ake yi wa sababbin direbobi. Sun biya masa bas, sun kama masa ɗaki a otal. Ya yi gwajin tuƙi ya haye, ya ba da fitsari ya fito fes. A rana ta uku suna cikin aji wata mata ta leƙo ta kira sunansa. Da ya shiga ofis sai ta shimfiɗa masa takardu biyu a kan tebur. Ɗaya fom ɗin da ya cike da hannunsa ne. Ɗayar kuwa rahoto ne daga wani kamfani da ya taɓa yi wa aikin sati uku, inda ya goga gefen tirela da turken siminti yana ribas a bakin sito. A fom ɗinsa babu sunan kamfanin, babu zancen gugar. Ta tambaye shi ko sa hannunsa ne a ƙasan shafin, ya ce nasa ne. Shi ke nan magana ta ƙare.

Na tura masa abin da ya sawwaƙa. Da ya dawo muka zauna, na ce me ya kai ka? Ya ce, "Wallahi Yaya ban ɗauke shi ƙarya ba. Sati uku ai ba aiki ba ne. Kuma shi mutumin da ya kira ni a waya cewa ya yi in bar shi kawai, zai ja mana dogon bincike."

Na yarda da shi, domin na san inda tunanin ya samo asali. A gida yaro yakan fara da wanke mota da ɗaure tamfol, ya yi shekaru yana karen mota, yana kwana ƙarƙashin tirela a Tafa ko Mararrabar Jos, har ranar da maigidansa zai miƙa masa sitiyari a hanyar da babu cunkoso. In ya tashi neman motar kansa, tambayar da mai mota zai fara yi ita ce, yaron wane ne? Sai a nemo wanda zai tsaya masa. Tarihin direba a bakin mutane yake, bakin mutane kuma ya san sutura. Ko ya taɓa kayar da mota, mai tsaya masa zai ce tsautsayi ne, yaron yana da hankali. Fom in ma akwai shi, cike gurbi ne, abin da za a sa a fayil a manta. Da wannan sabon muka ƙetaro teku, muka tarar da ƙasar da takarda ce take tsaya wa mutum, ita ce kuma take tona shi, ba ta kuwa jin kunyar gemun kowa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da ya rubuta gugar nan da wuya ta hana shi aikin. Duk wanda ya yi shekara yana ribas da tirela mai tsawon ƙafa 53 ya san ana gogar abu. Matar nan ta ga irinta ba adadi. Abin da ba ta da ikon ɗagawa shi ne layin ƙarshe na fom, inda direba ke sa hannu yana shaida cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne kuma cikakke. Wannan layin ba kamfani ne ya ƙirƙiro shi ba. Dokar tarayya ce ta tsara abin da dole fom ɗin neman aikin tuƙin babbar mota ya ƙunsa, hukumar FMCSA mai kiyaye haɗurran manyan motoci kuma ita ke bibiya. Duk adireshin da ka zauna cikin shekara uku. Duk haɗarin da ya rutsa da kai cikin shekara uku. Duk laifin hanya da aka same ka da shi cikin shekara uku, ban da na fakin. Ko an taɓa dakatar da lasisinka ko ƙwace shi. Sannan duk wanda ka yi wa aiki cikin shekara uku, ko da wanke kwanuka ne, da ranar shiga da ranar fita da dalilin bari, a ƙara da wasu shekara bakwai na baya na duk inda ka ja babbar mota. Shekara goma ke nan. Kamfani kuma wajibi ne a kansa ya tuntuɓi tsofaffin iyayen gidanka na tuƙi na shekara uku, ya kuma nemo tarihin lasisinka daga jiha, cikin kwana 30 da fara aikinka. Shi ya sa sau da yawa ba a bakin ƙofa ake mayar da mutum ba, sai ya ajiye tsohon aikinsa ya yi sallama da iyali tukuna.

Ra'ayina a kan wannan bai da tsawo. Direban da ya cike fom daga ƙwaƙwalwarsa ya yi wa kansa ganganci, ko da kuwa mai gaskiya ne. Na kuma fi jin tsoron mai gaskiyar da bai ajiye takarda ba fiye da maƙaryaci, domin maƙaryaci aƙalla ya san abin da yake ɓoyewa.

Ni ma ba da wayo na gane haka ba. A shekarata ta biyu da tuƙi na yi sati biyar a hanya ban ga gida ba, ga maiɗakina da tsohon ciki. Na ba kamfanin da nake yi wa aiki sanarwar zan bari. Mai rabon lodi ya ce in ajiye motar a wani filinsu da ke wata jiha, in ba maigadi makulli. Haka na yi. Wata takwas bayan nan na nemi aiki a wani wurin da na daɗe ina hari, sai aka ce ba za a iya ɗaukata ba, wai rahotona ya nuna na yasar da mota na gudu. A wannan sana'ar babu tabon da ya kai wannan muni, in ban da ƙwaya da mummunan haɗari. Na yi kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba. Abin da ya cece ni wata tsohuwar waya ce mai fasasshen gilashi da na jefa a durowa. A cikinta akwai saƙon mai rabon lodin da adireshin filin, akwai kuma hoton motar da na ɗauka a ranar, ba don wata dabara ba, sai don in nuna wa gida cewa na sauka. Da su na shigar da ƙorafi, aka yi kusan wata ana kai da kawowa, aka goge. Aikin da nake hari kuwa ya riga ya wuce.

Saboda haka in na ce direba ya tsare gaskiya, ba ina nufin tsarin nan mai adalci ne ba. Bai cika adalci ba. Ma'aikacin ofis da ka yi cacar baki da shi zai iya danna maɓalli ɗaya ya rubuta maka abin da zai bi ka shekaru, kai kuma ba za ka sani ba sai ranar da aka ƙi ka. Nauyin wanke kai a wuyanka yake. Amma wannan rashin daidaiton shi ne ma babbar hujjar da ta sa nake cewa ka riga su karantawa.

Kuma karantawar ba wuya gare ta ba. Rahoton da direbobi ke kira DAC, wanda kamfanin HireRight ke riƙe da shi, nan ne kamfanoni da dama ke zuba abin da suka sani game da tsofaffin direbobinsu: ranar shiga da fita, irin motar, haɗari, dalilin rabuwa, da ko za su sake ɗaukar mutum. Wata dokar kare jama'a ta 1970 ta ba kowa damar karɓar kwafinsa kyauta sau ɗaya a shekara, in ya ga kuskure ya yi ƙorafi, su kuma a ƙa'ida suna da kwana 30 su bincika. Akwai na gwamnati da ake kira PSP, dala 10 ne kuɗinsa, yana nuna haɗurran shekara biyar da binciken gefen hanya na shekara uku. Wannan na biyun shi ya fi ba mutane mamaki. Jami'i ya tsayar da kai a sikeli, wurin awon nauyin mota, ya ga fitila ɗaya ta mutu ko tiyon birki yana goga, ya rubuta, bai ci ka tara ba, kun yi dariya kun rabu. Kai ka manta, rahoton bai manta ba. Tun daga 25 ga Yunin 2025 kuma, direban da jami'i ya ga bai iya amsa tambaya da karanta allon hanya da Turanci ba ana iya sauke shi daga mota nan take, wannan ma cikin takardar binciken yake shiga. 'Yan'uwanmu da suka yi boko da Faransanci su sa wannan a ransu. In an rubuta wa mutum abin da ba daidai ba a rahoton gwamnati, akwai kafar ƙorafi ta intanet mai suna DataQs. Sai tarihin lasisi, wanda ake saya da ɗan kuɗi kaɗan a ofishin lasisi na duk jihar da mutum ya taɓa riƙe lasisinta. Sauya jiha ba ya wanke komai, kwamfutocinsu a haɗe suke.

Zancen ƙwaya da barasa shi ne inda babu lauje cikin naɗi ko kaɗan. Tun 6 ga Janairun 2020 akwai rumbu guda na tarayya, Clearinghouse, inda ake shigar da duk mai lasisin CDL, wato na tuƙin babbar mota, da ya faɗi gwaji ko ya ƙi yi, kuma babu kamfanin da ya isa ya ba ka makulli bai leƙa ba. Abin yakan zauna shekara biyar, ko har sai mutum ya kammala matakan komawa aiki, duk wanda ya fi tsawo. Daga 18 ga Nuwamban 2024 ma jihohi sauke lasisin mutum suke yi daga matsayin na babbar mota har sai ya wanke kansa. Na san wani zai ce mu ai ba ma sha. Alhamdu lillahi. Amma tabar wiwi ce kan gaba a abin da ke kayar da direbobi, kuma samarinmu da suka taso a nan suna ganin ana sayar da ita a kanti a jihohi da yawa, har da Ohio da ta halatta ta a 2023, sai su ɗauka an wuce wurin. Dokar tuƙi ta tarayya ba ta halatta ba. Ga kuma wani tarko da ke kama mai salla ma: ka je wurin gwaji fitsari ya ƙi zuwa, an ce ka zauna ka sha ruwa, ana ba da har awa uku, sai ka duba agogo ka ga Juma'a za ta wuce ka, ka tashi ka ce za ka dawo. Tashin nan ana rubuta shi a matsayin ƙin gwaji, hukuncinsa kuma ɗaya da na wanda aka samu ƙwaya a fitsarinsa.

Akwai abubuwa biyu da suka fi shafar mu baƙi fiye da haifaffun ƙasa. Na farko giɓi. Mu mutane ne masu zuwa gida. Rasuwar mahaifi, aure, aikin Hajji, ko ginin da aka bar wa ƙani ya ƙi ƙarewa, sai mutum ya yi wata uku ko huɗu ba ya ƙasar. Kamfanoni da yawa suna son bayanin duk giɓin da ya wuce kwana 30. Mutanenmu sai su ji kamar abin kunya ne, su ja ranar barin wancan aiki gaba, su jawo ranar fara wannan baya, don bakin zaren ya haɗu. Ina dalili? Zuwa gida ba laifi ba ne, kuma hatimin shige da fice da ke fasfonka shaida ce da ta fi ta kowa ƙarfi. Ka rubuta ka tafi Nijar daga wata kaza zuwa wata kaza, an wuce wurin. Na biyu suna. Mutum ɗaya ne amma Muhammadu ne a wata takarda, Mohammed a wata, Mahamadou a fasfo, abokai kuma Mamman suka sani. Wani sunan mahaifi ne a gaba a lasisi, a katin aiki kuma a baya. Kwamfuta ba ta san duk ɗaya ba ne. Ko ta kasa gano shekarunka na aiki, ko ta jingina maka laifin wani mai irin sunanka, mu kuwa masu suna iri ɗaya ba mu da iyaka. Duk fom da ya tambayi wasu sunayen da aka taɓa sanin ka da su, ka zuba su duka yadda aka rubuta su.

Wanda ya ja tirela shekara goma tsakanin Kwatano da Maraɗi ko Apapa da Kano, ya rubuta abinsa, gaskiya ce kuma abin alfahari. Sai dai ya shirya wa cewa yawancin kamfanoni da masu inshorarsu ba za su lissafa ta ba, tunda ba su da hanyar tabbatarwa. Da ciwo, na sani, a sa gwani ya zauna gefen yaron da bai kai shi iya ribas ba a ce shi ne mai koya masa. Haƙuri za a yi, wata shida ne ko shekara.

Wannan ciwon ne ke kai mutane ga abin da na fi ƙi a duk lamarin, kuma a nan da manyanmu nake. Wani yana da mota ɗaya ko biyu da rajistar kamfaninsa, sai ya ce wa sabon yaro, "Rubuta kamfanina, in sun kira zan ce ka yi mini shekara biyu." Ana yi, kuma ana kiransa taimakon ɗan'uwa. Ni ban ga taimako a ciki ba. Yaron da jiya ya fito makarantar tuƙi, bai taɓa gangaro dutse da lodi ba, bai taɓa jin yadda bodi ke zamewa a kan ƙanƙara ba, ka yi masa shaidar zur an ba shi mota mai nauyin fam 80,000, wajen tan 36, ya shiga cikin motocin mutane da 'ya'yansu. In Allah ya kiyaye, to. In kuwa aka yi rai, abin da lauyoyi ke fara nema shi ne fayil ɗin ɗaukar direba, shafi bayan shafi, su nemi takardar albashi da ta haraji na shekara biyun nan da babu su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga yaron har mai shaidar babu wanda zai fita, kuma sunan al'umma gaba ɗaya ne zai ɓaci a wurin masu ɗaukar aiki.

Na san abin da za a ce mini, domin ƙanen nan nawa ma ya faɗa: "To Yaya, in na faɗi komai ai ba za su ɗauke ni ba." Wani lokaci haka ne, ba zan yi masa daɗin baki ba. Kowane kamfani yana da iyakar da mai inshora ya gindaya masa, tikiti nawa, haɗari nawa, cikin shekara nawa. Wanda ya haura iyakar ba za a ɗauke shi ba ko da ya fi kowa ladabi. Amma ƙin da aka yi maka a waya kana zaune a falonka, aikinka na yanzu yana hannunka, me ya rage ka da shi? Minti goma. Ka kira na gaba. Sana'a ce da manyan kamfanoninta suka yi shekaru suna sauya direbobi kusan kashi 90 cikin 100 a shekara, kujera ba ta ƙarewa, kuma yawancin tabo yana da ranar da zai daina tasiri. Ɗan kamashon da ke kira yana zaƙin baki kuwa, shi burinsa ka iso ajin nan a ƙirga ka. Ba shi ke tantancewa ba, ofishin kiyaye haɗari ne, kuma sa hannunsa ba ya kan fom ɗin. In ya ce ka bar wani abu, ka ce ya turo maka haka a rubuce, ka ga yadda zance zai sauya.

Ni yanzu jaka guda gare ni ta roba, ruwan toka, a saman kabad. Takardar harajin kowace shekara tana ciki, da takardar albashin farko da ta ƙarshe na duk inda na yi aiki, da kwafin duk binciken gefen hanya, da hoton kowace mota ranar da na karɓe ta da ranar da na mayar. Maiɗakina tana yi mini dariya wai na zama akawu. Amma kamfanoni mutuwa suke yi. Kamfanin tireloli na Yellow, da girmansa da tsufansa, ya rufe a 2023 da ma'aikata wajen 30,000. Wa za a kira ya shaide ka a kamfanin da wayarsa ta daina shiga? Wanda bai ajiye komai ba yana iya neman tarihin albashinsa daga hukumar haraji, suna bayarwa har na kusan shekara goma, daga nan zai tsinci sunayen da ya manta.

Haka muka yi da ɗan Damagaram. Wata Asabar bayan la'asar muka baje a kan kafet da butar shayi, shi da wayarsa, ni da biro. Muka sayi rahoton dala 10, sai ga wani bincike a sikelin Indiana da ya rantse bai tuna ba, fitilar gefe ce. Muka nemi ɗayan rahoton, ya ɗauki kwanaki kafin ya iso. Sati ukun nan ashe sati huɗu ne da kwana biyu. Ya rubuta gugar da hannunsa, layi biyu: yana ribas a bakin sito, ya goga turke, ba wanda ya ji rauni, ba a ja mota ba. Ya kuma rubuta kwana ukun da ya yi a wurin waɗanda suka sallame shi, da dalilin, duk da ya so mu tsallake wannan.

Kamfani biyu suka ce a'a. Na uku ƙarami ne, motocinsa ba su kai hamsin ba, kuɗin da suke biya a mil kuma bai kai na wancan babban ba. Mai tantancewar ya yi masa tambaya biyu a kan gugar, ya ce ya zo ranar Litinin. Yanzu tsakanin Ohio da Texas yake, yakan kira ni in ya yi fakin da dare. Sun ce in ya cika shekara ba wani abu za su duba kuɗin nasa. Saura wata huɗu.